"Kaka, Kin Gane Ni?": Tambayoyi da Amsoshi kan Wasannin da Ke Taimaka wa Tsofaffi Riƙe Sunaye

Duk wanda ya taɓa zuwa gaisuwar Sallah gidan tsohuwa ya san yadda abin yake. Ɗaki ya cika da jikoki da tattaɓa-kunne, sai wani ya matso ya durƙusa ya ce, "Hajiya, kin gane ni? To faɗi sunana." Ta dube shi. Ta san fuskar, ta san ɗan wace ce, ta ma tuna ana ruwa ranar da aka haife shi, amma sunan ya maƙale. A yi dariya, ita ma ta yi yaƙe, daga nan kuma ba a sake jin bakinta ba har a watse. Tambayoyin nan su ne waɗanda masu zama da tsofaffi suka fi yi a kan wannan matsala.

Me ya sa suna ne ke fara ɓacewa, alhali tsohon yana tuna abin da ya faru tun zamanin Sardauna?

Saboda suna ba shi da maratayi. In aka nuna maka mutum aka ce maƙeri ne, nan take zuciyarka ta kawo maka zugazugi da gawayi da ƙarar guduma, duk su kama fuskarsa su riƙe. In kuwa aka ce sunansa Kabiru, shi ke nan, sauti ne kawai, babu abin da ke jikinsa da zai nuna Kabiru ne ba Nasiru ba. A 1987 wasu masu bincike a Ingila sun gwada wannan. Suka nuna wa mutane hotunan fuskoki, wata fuskar a ce sunan mai ita Baker, wata kuma a ce sana'ar mai ita ke nan, domin kalmar a Turanci tana nufin mai gasa burodi. Kalma ɗaya ce, amma mutane sun fi tuna ta in sana'a ce fiye da in suna ce.

Sannan suna ba shi da madadi. Ka manta kalmar buta, ka ce "miƙo min abin alwalar nan," a miƙo maka, babu wanda ya lura. Ka manta sunan jikanka kuwa, babu ta inda za ka kewaya, kowa ya gani. Binciken Deborah Burke da abokan aikinta a Amurka a 1991 ya nuna abin nan da muke cewa "yana bakina" yana ƙaruwa da shekaru, kuma sunayen mutane ne ya fi kamawa, musamman waɗanda aka daɗe ba a ambata ba.

Ashe ke nan ba cuta ba ce?

Sau da yawa ba ita ba ce. Tsohon da suna ya ɓace masa da hantsi, ya faɗo masa yana cikin alwalar azahar, kuma ya san sarai wanda yake nufi, wannan tsufa ne kawai. Abin da ake kira gigin tsufa daban ne. A nan ba sunan kaɗai ke tafiya ba, har da sanin ko wane ne mutumin, da hanyar masallacin da aka yi shekara arba'in ana bi, da lissafin kuɗi, da ko an ci abinci ko ba a ci ba. Likitan nan na Jamus, Alois Alzheimer, shi ya bayyana nau'in da ya fi yawa a 1906, shi ya sa cutar ke ɗauke da sunansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum miliyan 55 ke fama da gigin tsufa, kuma sama da kashi 60 cikin 100 suna ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin arziki ne, wato irin namu. Wasannin da za a ambata sun dace da mai mantuwar tsufa, sun kuma dace da wanda cutar ta fara kamawa ba ta yi nisa ba.

To me wasa zai ƙara? Ba sai a riƙa faɗa masa sunan ba?

Tambayi alaramma. Hadda ba ta zama don an karanta shafi sau ɗari a zaune ɗaya. Tana zama ne da bita: a karanta yau, a waiwaya gobe, a sake jibi, a bar shi mako a dawo. Wani masani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya rubuta tun 1885 cewa mafi yawan abin da mutum ya koya yana zubewa ne a sa'o'in farko, kuma bita da tazara tana rage zubewar. A 1978 wasu masu bincike, Thomas Landauer da Robert Bjork, suka gwada hakan a kan sunayen mutane: a tuna sunan nan take, a sake bayan ɗan lokaci, a yi ta faɗaɗa tazarar. Daga baya wani masani, Cameron Camp, ya ɗauki dabarar ya yi amfani da ita ga masu gigin tsufa.

Akwai abu na biyu, kuma a ganina shi ne mafi muhimmanci. Mai raunin tunani in aka bar shi yana cinke, kuskuren da ya faɗa shi ma yana zama masa. Ya ce Sadiya, a ce a'a, ya ce Safiya, a ce a'a Samira ce. Gobe sunaye uku ne a kansa suna kokawa. Shi ya sa ake son koyon da babu cinke a ciki. Linda Clare da abokan aikinta a Ingila sun ruwaito a 1999 yadda wani dattijo mai farkon cutar Alzheimer ya koyi sunayen mutum 11 na ƙungiyar da yake zuwa hira, ta hanyar hotuna da bita, ba tare da an bar shi yana cinke ba, kuma bayan wata 9 sunayen na nan.

Amfanin wasa shi ne yana sa a maimaita suna sau goma cikin raha, babu wanda ya ji ana yi masa jarrabawa.

Waɗanne wasanni ne za a iya yi a gida?

Mafi sauƙi shi ne na faifai. A zauna a kewaye, mutum huɗu ko biyar, a sa goro ko dabino ko gyaɗa a faifai. Mai miƙawa ya faɗi sunansa da na wanda zai ba: "Ni Rabi, na ba Sule." Sule ya ɗauki ɗaya ya ce, "Ni Sule, na karɓa daga Rabi, na ba Kaka." A zagayen farko da na biyu kada a nemi komai daga tsohuwa sai ta karɓa ta miƙa, mai kusa da ita ya riga ta faɗin sunansa. Kafin zagaye na uku kowane suna ya shiga kunnenta sau huɗu ko fiye. In ta faɗa da kanta, madalla. In ba ta faɗa ba, faifai ya wuce, babu wanda ya tsaya jiranta.

Na biyu shi ne rataya wa kowane suna abinsa. Mu dama mun iya wannan, unguwa ba ta rasa Ladi mai ƙosai da Audu direba. A ba kowane jika nasa: Habu na Zariya, Zainabu mai gilashi, Musa mai kaji. Sharaɗi biyu ne. Abin ya zama gaskiya, kuma kada a canza shi. In yau Musa mai kaji ne gobe Musa ɗan makaranta, an rushe ginin. Ya fi kyau tsohon ne da kansa zai raɗa, ko da zolaya ce. Laƙabin da kaka ta liƙa wa jika da bakinta ba ya saurin ɓace mata.

Na uku, cika mini. Wani ya fara, tsoho ya ƙarasa: Abubakar? Sadiku. Umaru? Faruku. Halimatu? Sadiya. Ko ta ɓangaren laƙabi: wace ce Indo? A'isha. Dije? Hadiza. Kulu? Hauwa. Garba, Iro, Mamman, Mairo, Binta, duk haka. Ko a jero Auwalu, Sani, Salisu, Rabi'u, Hamisu har zuwa Ashiru. Waɗannan tun yarinta suke zaune a kai, da wuya su gagari tsoho, kuma nasarar da ya samu a kansu ita ke sake masa jiki. Sai a ɗora a hankali: "Mu ma ai muna da Indo a gidan nan, ga ta can, ta Yaya Bala." A lura, an faɗa ne, ba a tambaya ba.

Na huɗu shi na fi so, domin a nan tsoho ne malami. A tambaye shi dalilin suna. Me ya sa ake cewa Tanko? Namijin da ya biyo bayan mata. Kande fa? Macen da ta biyo bayan maza. Gambo mai bin tagwaye, Auta na ƙarshe, Azumi ta watan Ramadan, Talatu da Ɗanjuma da Balarabe kowa da ranarsa. Yaran yanzu da yawa ba su san wannan ba, don haka tambayar ta gaskiya ce, ba ta riya ba. Daga nan sai a gangaro kan na gida: wa ya ci sunan wa, wa ya raɗa, rago nawa aka yanka, wace ce ta yi rabon tuwon suna. Jikan da aka ba da labarin ranar sunansa ya samu maratayi har uku ko huɗu.

Na biyar, hotuna da salsala. A fara da tsofaffin hotuna, na aure ko na tafiya Makka, domin abin da mutum ya gani tsakanin shekara 10 zuwa 30 na rayuwarsa shi ya fi zama daram. A bar shi ya faɗi na da, sannan a sauko: wannan ta haifi wannan, wannan kuma shi ne uban yaron nan da ke zaune. Hoto uku ko huɗu sun isa a zama ɗaya. In tsohon yana karatu, a rubuta sunan da manyan baƙaƙe a ƙasan hoton, da boko ko da ajami, wanda idonsa ya saba da shi.

Sai waƙa. Tsohuwar da ta yi daka da niƙa da reno tana da karin da ke bakinta. A ɗauki wanda ta sani a zuba sunayen jikoki a ciki, ana tafi a hankali. Kari yakan daɗe a kai bayan magana ta fara wuya.

Akwai kuma abin da ba wasa ba ne, amma yana yin aikin. Yara su riƙa zuwa sallama da dare ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce, "Baba, Aminu ne, sai da safe," shi kuma ya sa masa albarka da sunansa. Bita ce ta kullum, ga lada.

Inna ba ta taɓa faɗin sunan Yaya ba. Mantuwa ce?

Kafin a ce mantuwa, a tuna da alkunya. Matar da ta shekara hamsin ba ta kira sunan ɗanta na fari ba, ba ta kira na mijinta ba, ba za ta fara yau don an kawo wasa ba. Haka yaron da ya ci sunan surukinta ko mahaifinta, Abba ne ko Baffa a bakinta, yarinya kuma Ummi ko Nana. Duk wasan da za a yi, a yi shi da sunan da ita take kira. In "wannan yaron" take cewa, ko "mai gidan nan," a bar ta a kai. Jikan da ya tashi a birni ya dage sai kaka ta faɗi sunan yankan babansa, ya ɗauka taimako yake, alhali kunya yake ba ta.

In ya kasa tunawa, ko ya kira ni da sunan wani fa?

Ka ɗan jira kamar numfashi biyu ko uku, domin tsoho yana bukatar lokaci fiye da kai. In bai zo ba, ba shi gaɓar farko: "Ha…" In har yanzu shiru, faɗi sunan gaba ɗaya cikin sakin fuska, ka wuce. Kada ka ce "ai yanzu na faɗa maka." Kada a haɗa baki a yi masa dariya, kada kuma a yi ta tafi kamar yaro ya ci gasa in ya dace, dattijo yana gane lokacin da aka mai da shi abin kallo.

In ya kira ki da sunan ƙanwarsa da ta rasu tuntuni, ki amsa, sannan ki ce, "Maryam ce, Baba, 'yar Hadiza. Ina kama da ita ko?" Sau da yawa kamar ce ta jawo, kuma za ki samu labari. Ga wanda gigi ya kama sosai, sanar da shi rasuwar a kowace rana sabon makoki ne, ba shi da amfani. Alƙur'ani ya ambaci wannan mataki na rayuwa a Suratun Nahli aya ta 70, inda mutum ke komawa bai san komai ba bayan ya sani, a Suratul Isra'i aya ta 23 kuma aka hana ko da nuna ƙosawa ga iyayen da tsufa ya cim musu. Tsakin da ake ja in an maimaita suna karo na biyar yana cikin abin da ake nufi.

Sau nawa za a yi, kuma na tsawon wane lokaci?

Minti 10 zuwa 15, sau da yawa a mako, ya fi awa guda ranar Juma'a kaɗai. Sunaye biyu ko uku a lokaci ɗaya. Sai sun zauna a ƙara. Hantsi bayan karin kumallo ya fi, domin masu gigin tsufa da yawa sukan ƙara rikicewa in rana ta yi sanyi zuwa magariba. Da ka ga hamma ko tsaki ko kallon ƙofa, a tashi, ko da ba a gama zagaye ba.

Ga mai son sanin yadda ƙwararru ke yi: akwai tsarin motsa ƙwaƙwalwa na rukuni da Aimee Spector da abokan aikinta suka gwada a Landan, aka buga sakamakonsa a 2003. Zama 14 ne, sau biyu a mako har mako 7, kowane zama minti 45, mutum biyar zuwa takwas. Hukumomin lafiya na Ingila suna ba da shawarar a yi shi ga masu cutar da ba ta yi nisa ba, kuma an daidaita shi da al'ada an gwada shi a yankin Ibadan da kuma Tanzaniya.

Baba ya ce shi ba yaro ba ne da za a zaunar da shi wasa. Yaya za a yi?

Gaskiyarsa. Kada a kira shi wasa, kuma kada 'ya'yansa su jagoranta, domin tsakanin uba da ɗa akwai nauyi. A tura jikoki. Wasan jika da kaka ƙofa ce da al'ada ta riga ta buɗe: jikar da yake kira amaryarsa ko jikan da yake kira abokin takararsa suna iya ce masa, "Tsoho, yau sai ka biya kuɗin cefane in ba ka faɗi wa ya ci sunanka ba," ya yi dariya ya rama. Ko a zo masa da bukata: ana son rubuta salsalar gida kafin ta ɓace, shi kaɗai ya rage da ya sani. Wannan ba dabara ba ce kawai, don kuwa gaskiya ne.

In yana da majalisa a ƙofar gida ko wajen masu dara, a taimaka masa ya ci gaba da zuwa. Abokan zama su riƙa kiran juna da suna in suna gaisawa. Tsoho yakan daina fita ne saboda tsoron kunyar mantuwa, zaman ɗaki kuma ya ƙara mantuwar.

Ko matsalar kunne ce?

Tana iya zama, kuma an fi mantawa da ita. Sunan da bai shiga kunne daidai ba, ba a ce an manta shi ba. Kwamitin masana na mujallar likitanci ta Lancet ya sa raunin ji da kaɗaici cikin abubuwa 12 da ya lissafa a 2020 masu ƙara haɗarin gigin tsufa waɗanda ake iya magancewa. A 2024 ya ƙara raunin gani a jerin. A kashe talabijin da rediyo, a nisanci ƙarar janareto, mai magana ya fuskanci tsoho inda haske ke kan fuskarsa, a yi magana ɗaya bayan ɗaya. In akwai yanar ido, a kai shi a duba; aikin cire ta ya zama ruwan dare a asibitocinmu.

Wasannin waya da ake cewa suna wasa ƙwaƙwalwa fa?

Mutum yakan ƙware a wasan da yake bugawa, amma hakan bai cika tsallakawa zuwa tuna sunan surukarsa ba. A 2016 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta sa kamfanin da ke da Lumosity, ɗaya daga cikin irin waɗannan wasannin, ya biya dala miliyan 2 saboda tallan da ya wuce hujjarsa. Inda waya ke da amfani shi ne hotuna da saƙon murya. Jikokin da ke nesa su riƙa turo gaisuwa ta WhatsApp, kowa ya fara da sunansa da na mahaifinsa da garin da yake, a kunna wa tsohuwa ana nuna mata hotonsa.

Wasannin nan suna warkar da gigin tsufa?

A'a. Ba sa warkarwa, ba sa tsayar da cutar. Abin da suke yi shi ne su riƙe wasu sunaye kaɗan masu muhimmanci na tsawon lokaci, su kuma sa tsoho ya ci gaba da zama cikin mutane yana magana. In cutar ta yi nisa har sunaye sun daina zama, a daina neman su gaba ɗaya. Kowa ya shigo ya faɗi nasa, ya zauna, a yi hira.

Yaushe ne za a bar wasa a tafi asibiti?

In rikicewar ta zo farat ɗaya, cikin kwana ɗaya ko biyu, musamman da zazzaɓi, ko karkacewar baki, ko mutuwar hannu ko ƙafa, ko maganar da ba ta fita, a tafi a ranar, kada a jira. Ciwon fitsari, maleriya, hawa ko faɗuwar sukari da shanyewar ɓarin jiki duk suna iya rikita tsoho haka.

In kuma a hankali take tafiya, ana ganin yana maimaita tambaya ɗaya cikin mintuna, yana ɓata a unguwarsu, yana barin wuta a kunne, yana rikita raka'o'in da bai taɓa rikitawa ba, ko yana zargin na gida da sata, a nemi likita cikin makonnin nan. Ba maita ba ce, ba kuma taurin kai ba. Wasu dalilan ana maganinsu: ƙarancin sinadarin B12, ciwon maƙoƙo, baƙin ciki mai tsanani bayan rasuwar abokin zama, rashin barci, ko magungunan da suka yi masa yawa. Ana iya farawa daga babban asibitin da ke kusa, su tura zuwa asibitin koyarwa kamar na Malam Aminu Kano, ko asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna da Kware da Maiduguri. A tafi da wanda yake kwana gida ɗaya da shi, domin shi likita zai fi yi wa tambayoyi, a kuma zuba duk magungunan da yake sha a leda, har da na gargajiya, a tafi da su.